Idan Majinyaci Ya Cika A Gida: A Gaggauta Suturarsa, Amma A Tuna Da Masu Rai



Akwai wata leda da takan zo mini lokaci-lokaci a tagar ba da magani ta asibitin da nake aiki. Baƙa ce, an ƙulle bakinta tam, kuma mai riƙe da ita ba ya zuwa da katin likita. Yakan raɓe gefe har layi ya ragu, sannan ya matso ya sassauta murya ya ce, "Malam, tsohonmu ne Allah ya yi wa rasuwa shekaranjiya. Ga sauran magungunansa nan, ban san yadda zan yi da su ba." Nakan yi masa ta'aziyya, in kuma gode masa godiya ta gaske, domin na san ledar da ta dawo hannunmu ta tsira daga zama sanadin wata jinyar, ko ma wata jana'izar.

A wajenmu, majinyacin da ciwonsa ya daɗe sau da yawa a gida yake cikawa. Wani likita ne ya ce an yi iya yi, a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Wani kuɗin gado ne ya gagara. Wani kuma shi da bakinsa ya roƙi a kai shi ɗakinsa ya cika a gaban 'ya'yansa. Ban ga aibu a cikin wannan ba. Sai dai akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Idan mutum ya rasu a asibiti, ma'aikata na yin ayyuka huɗu ba tare da iyali sun ma ankara ba: su tabbatar rai ya fita, su kare masu taɓa gawa daga ɗaukar cuta, su tattara magunguna da allurai, su kuma rubuta shaida. Idan a gida ne, ayyukan nan a kanku suke faɗowa, a lokacin da hankali ya fi tashi, cikin 'yan awoyin da ke tsakanin fitar rai da ɗaukar makara.

Gaggauta sutura haƙƙin mamaci ne, kuma ba na kiran a tauye masa shi. Abin da nake cewa shi ne, ayyukan nan huɗu ba sa hana a yi jana'iza a kan lokaci, amma tsallake su na iya barin gida cikin nadamar da ba ta da magani.

Kafin a ce ya cika

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin doguwar suma, wato wanda aka yi wa wanka, ko ma aka ɗora a makara, sai ya motsa. An ƙara wa yawancin labaran gishiri, amma tushensu gaskiya ne, kuma wasu daga cikin dalilan suna cikin ledar magani. Mai ciwon sukari da ya daina cin abinci, amma ana ci gaba da ba shi ƙwayar gilbenkilamaid ko allurar insulin, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Jikinsa ya yi sanyi, gumi ya karyo masa, a kira shi shiru, a girgiza shi shiru. Wannan mutum ruwan sukari ta jijiya na iya farfaɗo da shi cikin mintuna. Haka wanda mofin ko tiramadol ko maganin barci ya yi wa yawa, numfashinsa yakan ja baya har sai mai lura ƙwarai ke iya ganinsa, alhali akwai allurar da ke karya ƙarfin mofin a asibiti. Tsoho ramamme da sanyin hunturu ya ratsa shi ma bugun jininsa na iya raunana har yatsa ya kasa jin sa. Ko mai gargara ta gaske, numfashinsa kan ɗauke na daƙiƙoƙi masu yawa sannan ya dawo.

Saboda haka, a nan hanya biyu ce, kuma dole ku bambance su.

Idan mutum yana zaune ƙalau ko da ɗan sauƙinsa sai ya yanke jiki ya faɗi, wannan ba lokacin salati da rufe fuska ba ne. A kira agaji a lambar 112 inda take aiki, ko a nemi mota nan take. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a isa asibiti. Idan yana numfashi amma ba ya amsawa, a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa ruwa ko zuma ko rubutu, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa yake yi. Mace mai tsohon ciki kuwa, kowane minti yana da daraja, domin rai biyu ne.

Idan kuma majinyaci ne da likita ya riga ya gaya muku tafiya ta zo kusa, to babu buƙatar danne-danne da jijjiga. Mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna kusa da shi, ya duba agogo, ya zuba wa ƙirji da ciki ido, ya kai kunne kusa da hanci, ya sa yatsu biyu a gefen maƙogwaro. Ma'aikatan lafiya kan lura har tsawon minti biyar cur babu numfashi babu bugu, sannan su haska ido su ga baƙinsa ya buɗe ba ya tsukewa, kafin su ce an rasu. Ku ma ku yi hakan, amma kada dubawarku ta zama ta ƙarshe. A kira nas ko likita ko ma'aikacin asibitin unguwa, ya zo da abin sauraron ƙirji ya tabbatar, kafin a aika wa liman da masu haƙa kabari.

Wani zai ce wannan ai jinkiri ne, kuma addini ya ce a gaggauta. Malamanmu na fikihun Malikiyya sun riga mu amsa. Littafin Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya so a gaggauta shirya mamaci, amma ya keɓe wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi kuma suka haɗa da wanda tsawa ta faɗa wa da mai mutuwar fuju'a, cewa a dakata har a sami yaƙini. Su da ba su da na'ura sun jira alamu. Mu da Allah ya hore mana waya da nas a unguwa, rabin awa ta ishe mu.

Sa'ar farko

Da zarar an tabbata, wani ya rubuta rana da lokaci a takarda, domin gobe kowa zai faɗi nasa. A rufe idanun mamaci, kamar yadda Annabi (SAW) ya rufe na Abu Salama. A ɗaure haɓa da ƙyalle mai laushi, a miƙe hannuwa da ƙafafu a hankali, domin cikin 'yan awoyi jiki yakan fara sandarewa daga muƙamuƙi da wuya, kuma zafi na ƙara masa sauri. A lulluɓe shi, a buɗe taga, a kunna fanka idan akwai wuta.

Ga abubuwa biyu da ake yawan kuskure a kansu. Na farko, tukunyar oksijin. A rufe ta a fitar da ita daga ɗakin kafin a shigo da garwashin turare ko a kunna aci-balbal, domin oksijin na rura wuta fiye da yadda ake zato. Na biyu, robar fitsari. Kada a finciko ta. A can cikin mafitsara akwai ɗan balan-balan cike da ruwa da ke riƙe da ita, sai an zuƙe ruwan da sirinji take fita salin-alin. Ku bar wa ma'aikacin da ya zo tabbatar da rasuwar ya cire ta, tare da allurar ƙarin ruwa da robar abinci ta hanci. Mamaci ba ya jin zafi, amma mutuncinsa na nan.

Wankan da ke buƙatar hattara

Yawancin gawarwaki ba su da haɗari ga mai wanka. Wanda ciwon daji, ko hawan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko tsufa ya yi ajalinsa, ba ya harbin kowa. Safar hannu ta roba da wanke hannu da sabulu sun wadatar. Kada tsoro ya sa ku guje wa naku.

Amma akwai alamun da idan kun gan su, sai an tsaya. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, sannan jini ya riƙa fita ta hanci ko dasashi ko bayan gida, ko fuska ta kumbura. Amai da gudawa kamar ruwan shinkafa da suka kai mutum ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Ciwon maƙogwaro mai kumburin wuya a yaro. Ko kuma a ce mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko layi ɗaya sun kwanta da ciwo iri ɗaya.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana bin jini da sauran ruwan jiki, kuma gawa na iya ɗauke da shi. Wanda ya ɗauka na iya kai kwana 21 kafin alama ta bayyana, lokacin an watse daga zaman makoki, kowa ya koma garinsu. Kwalara kuwa hanyarta gajeriya ce: hannun da ya wanke gawa ko ya wanke zannuwanta shi ne ya dama kunun masu ta'aziyya. A annobar Ebola ta 2014 a Gini da Saliyo da Laberiya, jana'iza na cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi ta cinye gidaje.

Idan kun ga irin waɗannan alamu, kada a yi wanka, kada a rungumi gawa, a rufe ɗakin, a sanar da asibitin gwamnati mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira hukumar NCDC kyauta a 6232. Na san abin da ke sa mutane ɓoyewa: tsoron a ƙwace gawa a binne ba salla, da tsoron a riƙa nuna gidan da yatsa. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a lokacin Ebola ta tanadi likkafani da salla, ta kuma tanadi taimama a madadin wanka ga Musulmi. Ku nemi a yi hakan a gaban limaminku. Ɓoyewa ba ta dawo da wanda ya tafi, sai dai ta bi da wani a bayansa.

Wurin da amai ko jini ko gudawa ya ɓata, a zuba masa ruwan bilic irin su Jik ko Hypo. A duba jikin robar: idan ƙarfinsa 3.5 cikin ɗari ne, kofi ɗaya cikin kofi shida na ruwa. Masu wanka kada su shiga madafa ranar.

Wasu cututtukan kuma ba gawar ce abin tsoro ba, zaman da aka yi tare ne. Idan tarin fuka ne ya yi ajali, duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da marigayin, musamman ƙananan yara, ya je a gwada shi. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan ciwon hanta nau'in B ne, mata da 'ya'ya su yi gwaji, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Idan cuta mai karya garkuwar jiki ce, wanda ya san sirrin ya riƙe shi daga jama'a, amma kada ya ɓoye wa matar da aka bari, domin takaba za ta ƙare, watakila ta sake aure, ga kuma goyo.

Ledar magani

Yanzu mun zo inda ya fi shafata. Bayan sadakar uku, idan an fara kwashe ɗakin marigayi, sai a tarar da katan-katan na magungunan da aka saya da gumi, wasu ko ɓarewa ba a yi ba. Zuciya ba ta son asara, kuma muna son ladan ya kai ga mamaci. Sai a ce maƙwabciya ma tana da sukari, a ba ta; kawu ma yana da hawan jini, ya ɗauka.

Na taɓa tsayawa a kan wata dattijuwa a sashen gaggawa, an kawo ta ranga-ranga, 'ya'yanta har sun fara kuka. Da aka auna sukarinta ya kusa ƙarewa. Da aka zazzage jakarta sai ga ƙwayoyin sukari masu ɗauke da sunan wata mata dabam, aminiyarta ce da ta rasu sati biyu kafin nan, iyalinta suka ba ta sadaka. Allah ya yi da sauran kwananta. Waɗanda suka ba ta alheri suka nufa, ban kuma taɓa ganin laifinsu kamar yadda na ga namu ba, mu da muka ba da maganin tun farko ba mu ce musu komai game da ragowarsa ba.

Magani ba riga ba ne da za a ce ta yi wa wane daidai. Likita na auna shi ne da nauyin mutum, da shekarunsa, da ƙarfin ƙodarsa da hantarsa, da sauran abin da yake sha. Mofin ɗin da mai ciwon daji ya saba da shi wata da watanni, kwatankwacinsa na iya tsayar da numfashin wanda bai taɓa sha ba, balle yaro da ya ga kwalba ya ɗauka sirof ne. Maganin tsinka jini, da na zuciya, da na farfaɗiya, da na ciwon daji, tazarar da ke tsakanin amfaninsu da illarsu 'yar kaɗan ce. Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, da muke raina wa, suna iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiyi da yawa. Insulin da aka fara amfani da shi ba ya wuce kusan sati huɗu, zafi kuma na lalata shi tun kafin nan. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha rabi-rabi shi ke koya wa cuta taurin kai.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Gidan makoki gida ne a buɗe, kowa na shiga yana fita. Tiramadol da kodin da maganin barci da aka bari a kan taga ba sa kwana. Ƙasar da sai da gwamnati ta hana haɗa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda yake cin matasa, bai kamata ɗakin kakansu ya zama kantinsu na farko ba.

Don haka, tun kafin mutane su cika gida, mutum ɗaya amintacce ya tattara komai, har na ƙarƙashin matashi da na cikin firji, ya kulle. Allurai da reza a zuba su a robar ruwa mai kauri a murɗe murfin. Bayan kwana uku a kai ledar sashen magani na asibitin da marigayin yake zuwa, musamman mofin da dangoginsa, da maganin tarin fuka, da na cuta mai karya garkuwar jiki. Kada a watsar a bola inda yara da awaki ke tono, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Idan sadaka kuke so, ga keken guragu, ga sandar dogarawa, ga na'urar awon jini, ga katifa. Ko ku biya wa wani majinyaci kuɗin maganin da likitansa ya rubuta masa. Wannan ladan ba ya tafe da haɗari.

Takardar shaida

Da yawa daga cikinmu muna binne mamaci ba tare da alƙalami ya taɓa takarda ba. Sai bayan wata shida, an je banki ko ofishin fansho ko kotu neman takardar ikon tafiyar da dukiyar mamaci, a ce a kawo shaidar rasuwa, marayu su shiga yawo. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Najeriya, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke yin ta. Likitan da ke duba marigayin shi ya fi dacewa ya rubuta musabbabin rasuwa, don haka a sanar da shi da wuri, a adana katin asibiti da sakamakon gwaje-gwaje, a kuma sanar da mai unguwa. 'Yan'uwanmu Kirista da za su kai gawa ɗakin ajiya na asibiti, su ma takardar likita za a tambaye su.

Amfanin takardar bai tsaya a gado ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙa kabari suka riga hukuma sanin cewa ana mutuwa fiye da kima, har sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai abin da ya faru. Mutuwar da ba a rubuta ba, ba ta zama darasi ga kowa.

Idan kuwa akwai rauni a jiki, ko zargin guba, ko an tsinci mutum a mace ba a san yadda aka yi ba, kada a yi wanka, kada a share ɗaki, a sanar da 'yan sanda. Abin da ƙasa ta rufe, zargi ne kawai ke saura a tsakanin dangi, shi kuwa ba ya mutuwa.

Tun kafin ranar

Duk abin da na lissafa yana da sauƙi da rana, yana da wuya da ƙarfe biyun dare, musamman ga matar da mijinta ke kan hanya, ita kaɗai da surukarta a ɗaki. Shi ya sa nake roƙon ku, ranar da za a sallami majinyacinku daga asibiti, ku tambayi likita kai tsaye: me za mu gani idan lokaci ya matso, wa za mu kira, wane magani za mu dakatar idan ya daina cin abinci? Ku tambayi mai ba da magani inda za a mai da ragowa. Ku ajiye lambar nas ta unguwa, da safar hannu, da bilic, da tocila mai batir. Wasu na ganin wannan kamar yi wa mara lafiya mugun fata ne. Iyayenmu da ke ajiye likkafaninsu a ƙasan akwati shekara da shekaru ba su ɗauke shi haka ba, kuma bai rage musu kwana ko ɗaya ba.

Abu na ƙarshe, ku sa ido a kan wanda aka bari. A kwanakin makoki ne tsohuwa mai hawan jini kan manta da ƙwayarta, mai ciwon sukari ya sha magani bai ci abinci ba, mai jinyar da ta yi wata uku ba barci ta faɗi. Ku bar su su yi kuka, hawaye ba laifi ba ne. Amma wani ya ɗauki nauyin miƙa musu abinci da nasu maganin a kan lokaci.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba majinyatanmu lafiya, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.